Idan Likita Ya Ce A Koma Gida: Yadda Ake Zaɓen Masu Jinyar Ƙarshen Rayuwa

Iyalai da yawa sun sha jin wannan magana a bakin likita bayan an yi watanni ana zaryar asibiti: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, ku koma da shi gida, a ci gaba da addu'a." Sai a naɗe tabarma, a tattara kwanuka da fulas, a nemo mota. Akasarin mutane suna ɗaukar maganar a matsayin sallama daga magani baki ɗaya, alhali cutar ce kawai ta fi ƙarfin warkarwa. Zafin ciwo, amai, sarƙewar numfashi, gyambon kwanciya, rashin barci, kowannensu yana da magani har ranar da kwana ya ƙare. Akwai kuma ma'aikatan lafiya da wannan ne fanninsu. A asibiti ana kiran sashensu faliyatif, idan kuma wuri ne ko ƙungiya da ta keɓe kanta ga masu ciwon ajali, ana ce mata hosfis. Nemo su, da tantance na ƙwarai a cikinsu, aiki ne da ya rataya a wuyan iyali, kuma yana zuwa ne a lokacin da kowa ya gaji, aljihu ya yi ƙasa.

Tsarin ya samo asali ne daga Cicely Saunders, wata 'yar Ingila da ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, wadda ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967. Abu biyu ta kafa waɗanda har yau su ne ma'aunin aikin. Na farko, a ba da maganin zafi a kan lokaci, kafin zafin ya dawo. Na biyu, ciwon mai jiran ajali ba a jikinsa kaɗai yake ba: akwai tsoro, akwai bashi, akwai tunanin yaran da zai bari, akwai tsakaninsa da Ubangijinsa. Wadda ta nuna cewa abin zai yiwu a Afirka ba tare da manyan gine-gine ba ita ce Dakta Anne Merriman, wadda ta yi aikin likita a kudu maso gabashin Najeriya tun shekarun 1960, daga baya ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala a 1993. Nata salon shi ne ma'aikata su shiga mota su iske mara lafiya a ɗakinsa, da maganinsa a kwalba. Wannan salon ne ya dace da mu, domin mutanenmu, idan aka tambaye su, galibi a gida suke so su cika, a tsakiyar 'ya'ya da jikoki. Saboda haka idan an ce zaɓen hosfis, kada hankali ya tafi ga gini mai fenti da gadaje. Mutane ake zaɓa: wanda zai iya kashe zafi, wanda zai taka ya zo gida, wanda zai ɗaga waya da tsakar dare.

Fara nema kafin a bar asibiti

Kuskure mafi tsada shi ne a fita daga ƙofar asibiti sannan a fara tunanin wa za a kira. Muddin mara lafiya yana kan gado, fayil ɗinsa yana hannun likitoci, ƙofofi a buɗe suke. Ranar da aka fara zancen sallama, babban ɗa ko wanda ke riƙe da ragamar jinyar ya tsayar da likita ya ce, "Likita, muna so masu faliyatif su ga Baba kafin mu tafi." Idan babu sashen da wannan suna, a tambayi likitocin da ke sa barci a ɗakin tiyata, ko na sashen ciwon daji, ko na likitancin iyali, domin a asibitoci da yawa a hannun waɗannan aikin yake. A Ibadan ma, inda aka fi sanin wannan fanni a Najeriya, wadda ta jagoranci kafa shi a asibitin koyarwa na jami'a, Farfesa Olaitan Soyannwo, likitar sa barci ce.

A arewacin Najeriya, wuraren da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa su ne manyan asibitoci: na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Gombe, na Maiduguri, na Jos, da Asibitin Ƙasa a Abuja, sai cibiyoyin lafiya na tarayya da ke jihohi. A Nijar kuma babban asibitin ƙasa na Yamai da cibiyar yaƙi da ciwon daji da ke can, da manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram. Asibitocin mishan da ƙungiyoyin da suka daɗe suna kula da masu cutar ƙanjamau a gidajensu su ma suna da gogewa a jinyar gida, kada a raina su. Kuma akwai ƙungiyar masu wannan aiki ta Najeriya, HPCAN, wadda ma'aikatan sashen ciwon daji kan san wakilanta.

Kada a bar asibiti sai da abu uku a hannu: takardar sallama mai bayanin cutar da abin da aka yi, jerin magunguna da yadda ake shan kowanne, da lambar wayar mutumin da ya amince a kira shi. Lambar ofis da ake kullewa ƙarfe huɗu ba ta da amfani a nan.

Wasu iyalai suna jan ƙafa, suna ganin kiran waɗannan ma'aikata tamkar yanke ƙauna ne, ko gaggauta mutuwa. Binciken da aka buga a 2010 daga asibitin Massachusetts General da ke Boston ya nuna akasin haka. An raba mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya riga ya bazu gida biyu. Waɗanda aka haɗa da masu faliyatif tun farko sun fi samun sauƙin rayuwa, baƙin ciki bai danne su kamar sauran ba, kuma tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuma wata 8.9. Ba kuma masu ciwon daji kaɗai abin ya shafa ba. Mai ciwon ƙoda da aka daina yi wa wanki, mai ciwon zuciya ko hanta da ya yi nisa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, tsohon da ruɗewar tsufa ta cinye, duk suna da haƙƙi a wannan kulawa.

Tambayar morfin

Idan tambaya ɗaya za a yi wa wanda ake shirin damƙa wa jinyar, to ita ce: "Kuna da morfin na sha, kuma daga ina kuke samunsa?" Amsar wannan tana bayyana kusan komai. Zafin ciwon daji da ya shiga ƙashi ko hanta ba ya jin farasitamol. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa matakai uku na maganin zafi: a fara da masu sauƙi, a hau zuwa matsakaita, idan ba su yi ba a kai ga morfin. Wanda ba shi da hanyar kai wa mataki na uku, komai kirkinsa da iya maganarsa, zai tsaya ne yana kallo a daren da aka fi buƙatarsa.

Morfin na sha ba magani ne mai tsada a asalinsa ba. Gari ne da masu haɗa magani ke narkarwa a ruwa, su zuba a kwalba, a riƙa zuƙa da sirinji marar allura ana ɗiga wa mara lafiya a baki. A Uganda kyauta ake bayar da shi, kuma tun 2004 doka ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman damar rubuta shi. A Najeriya sai da takardar likita, kuma daga ɗakin magani na manyan asibitoci yake fitowa, ana rubuta kowane awo a littafi. Kemis na unguwa ba shi da izinin sayar da shi. Duk wanda ya zaro shi daga aljihu, ba takarda ba suna a jikin kwalba, a guje shi. A kuma tambaya: idan ya ƙare a asibitinku, ina kuke tura mutane? Yankewar magani abu ne da ke faruwa, kuma mai aikin da ya san abin da yake yi yana da amsa tun kafin a tambaye shi.

Na san tsoron da ke zukatan mutane, kuma ba tsoron banza ba ne. Mun ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasa a garuruwanmu, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma saurayin da ke shan kwalba don ya yi maye daban, dattijuwar da ciwon mama ya hana runtsawa daban. Idan likita ya fara da ɗan kaɗan, yana ƙarawa gwargwadon zafin, morfin ba ya mayar da mai ciwon ajali ɗan ƙwaya, ba ya kuma yanke masa kwana. Akwai wani tsoron da ya fi wannan zurfi, wanda ba kowa ke furta shi ba: kada magani ya gusar masa da hankali ya kasa yin kalmar shahada. Wannan a faɗa wa likita a fili. Gyangyaɗin da ake gani a kwanakin farko yakan wuce, kuma awon da ya dace yana barin mutum da hankalinsa. Wanda zafi ke murƙushewa, yana cizon matashi yana gumi, shi ne ba ya iya natsuwa ya yi salati ko ya saurari karatu.

A saurari yadda mai aikin zai yi bayanin shan maganin. Na ƙwarai zai ce duk bayan awa huɗu, dare da rana, ko da zafi ko babu, kamar ban ruwan lambu da ba a jira sai shuka ta yi yaushi. Zai rubuta lokutan a takarda, misali shida na safe, goma, biyu, shida na yamma, goma na dare, ya faɗi yadda za a yi da na tsakar dare. Zai ware ƙarin awo da za a bayar idan zafi ya taso tsakanin lokutan, ya ce a riƙa rubuta sau nawa aka bayar, domin da wannan lissafin zai san ko a ƙara. Kada a ɗaura lokutan da kiran salla, tazarar salloli ba ɗaya ba ce, a saita ƙararrawar waya. Kuma zai haɗa da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko, domin kusan duk mai shan morfin cikinsa yana ɗaurewa. Wanda ya rubuta morfin bai ambaci bayan gida ba, bai daɗe a wannan aiki ba. Haka nan zai tambayi lafiyar ƙoda, domin mai ciwon ƙoda ana rage masa awo ko a sauya masa magani.

A kula da yadda yake auna zafin. Wasu suna amfani da hannu: dunƙulallen hannu babu zafi, yatsa biyar a buɗe zafin da ba a taɓa ji ba. Nas za ta durƙusa gefen katifa ta ce, "Hajiya, sannu da jiki. Nuna min da yatsunki, yau nawa ne?" Tsohuwar da kunya da kawaici ba za su bar ta ta ce tana shan wuya ba, sai ta ɗaga yatsa huɗu. Gobe idan aka dawo ta ɗaga biyu, an san magani ya kama. Mai aikin da ya shigo ya tambayi 'ya'ya kawai, bai dubi mai ciwon ya tambaye ta ba, ya bar rabin aikinsa.

Akwai abin da nake so a yi hattara da shi ƙwarai, wato allurar fentazosin da ake yawan yi wa masu ciwo a gida. Tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, sai ya dawo, sai a sake kiran mai allura. Ga wanda ya rame, kowace allura azaba ce, wurin yana taurarewa, wani lokaci ya yi ƙurji. Ba maganin doguwar jinya ba ce. Haka masu kashe zafi irin su dikilofenak da ibufurofen, idan aka daɗe ana sha ba kulawa suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Wa zai zo, yaushe, kuma da dare fa?

Bayan magani sai mutane. A tambayi wanda zai riƙa zuwa gidan da sunansa da matsayinsa: likita ne, nas ce, ko jami'in lafiyar al'umma? Wane likita ne ke sama da shi? Sau nawa a mako, kuma idan jiki ya rikice za a ƙara? Neman ganin lasisi ba rashin kunya ba ne. Likitoci suna da majalisar da ke yi musu rajista, nas-nas da ungozomomi suna da tasu, kuma asibitoci masu zaman kansu suna rajista da jiha, a Kano hukumar PHIMA ce ke wannan. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar.

Sai zancen dare. Ciwo ya fi tashi tsakanin sha biyu da asuba, lokacin da ba mota, unguwa ta yi tsit, 'yan jinya sun firgita. A ce masa kai tsaye, "Idan ƙarfe biyu na dare numfashinsa ya sarƙe, wa za mu kira?" Amsa mai kyau tana da suna da lamba, da lamba ta biyu idan ta farko ba ta shiga ba, da bayanin abin da za a yi kafin a iso. Ba laifi a gwada lambar da dare ɗaya tun kafin buƙata ta taso. A kuma san asibitin da za su kwantar da shi idan abin ya fi ƙarfin gida, kamar zubar jini, ko toshewar fitsari, ko zafin da ya ƙi jin magani, don kada a je a yi ta jira a layin gaggawa kamar baƙi.

Ko da an samu ƙwararru, awowin da za su yi a gidan kaɗan ne. Sauran dare da rana a hannun matar gida ne, ko 'ya, ko suruka, ko ƙanwa. Don haka mai aikin da ya fi amfani shi ne mai koyarwa. Ya nuna yadda ake juya mara lafiya duk bayan awa biyu, mutum biyu su kama zanin gado su ɗaga maimakon ja, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a duba ƙugu da duwawu da diddige kullum, domin jan tabon da bai gushe ba idan an danna shi ne farkon gyambon kwanciya. Ya nuna goge baki da tsumma mai laushi da ruwan gishiri kaɗan, da shafa man kaɗanya a leɓe, da sauya famfas ba tare da an tona asirin mutum ba, da kula da robar fitsari. Idan akwai gyambo mai wari, wanda ke korar 'yan dubiya yana sa mara lafiya jin kunyar kansa, masu wannan aiki sun san a daka ƙwayar filajil a barbaɗa bayan an wanke, warin ya ragu cikin 'yan kwanaki. Mai sarƙewar numfashi kuma a tayar da shi zaune, a buɗe taga, a sa fanka ko mafici yana kaɗa masa iska a fuska. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne jinyar, kuma a ziyarar farko ake gane wanda ya iya su: yana wanke hannu, yana yaye zani ya duba baya, ko kuwa awon jini kawai ya yi ya rubuta takarda ya fita?

A nemi mace ta kula da mace, namiji ya kula da namiji, idan haka mara lafiya ke so. Dattijon da bai taɓa buɗe jikinsa gaban baƙuwa ba zai iya ɓoye gyambo har ya ci nama. A ga kuma ko suna girmama ibada: su bar lokacin salla, su taimaka a gyara gado ya fuskanci alƙibla, kada su yi wa tofi da rubutu da karatun Yasin kallon raini, ko addu'ar fasto da 'yan coci a gidan Kirista. Abin da za su nema, kuma suna da gaskiya, shi ne a faɗa musu duk wani jiƙo ko sassaƙe da ake ba shi, domin wasu suna karo da magani ko su ƙarasa ƙodar da ta riga ta gaji.

Kuɗi kuma a yi maganarsa tun farko, a rubuce: nawa ne ziyara, nawa ne kiran dare, kuɗin mota a kan wa, magani da famfas da safar hannu da auduga su wa ke saye. Mai inshorar lafiya ya tambayi abin da katinsa ya ɗauka. Ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti, da kwamitocin zakka, da ƙungiyoyin unguwa suna taimakawa idan an nema. 'Yan'uwan da ke zaune a waje su sani cewa tsarin can daban ne. A Amurka, inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare, ta ɗauki nauyin hosfis tun dokar 1982 ga wanda likitoci suka shaida cewa abin da ya rage masa ba zai wuce wata shida ba idan cutar ta bi hanyarta, kuma mutum yana da damar sauya kamfanin hosfis ko ya fita daga tsarin. A Ingila yawancin gidajen hosfis na ƙungiyoyin agaji ne, mara lafiya ba ya biya.

Wanda ya yi alkawarin warkar da abin da manyan likitoci suka ce ya wuce warkarwa, ya kuma nemi a ajiye kuɗi masu yawa, romon baka yake sayarwa, kuma gidaje da gonaki sun salwanta ta wannan hanya. Wanda duk zuwansa sai ya rataya ledar ƙarin ruwa ya yi allura uku, shi ma a sa masa ido. Iyali suna jin daɗin ganin ruwa yana ɗiga, suna ganin ana yin wani abu, amma jikin da ya kusa tsayawa ba ya iya sarrafa ruwan, sai ƙafafu su kumbura, ƙirji ya cika, numfashi ya ƙara wuya.

Idan babu kowa a kusa

Gaskiyar magana, yawancin masu karanta wannan ba za su samu wata ƙungiya a garinsu da za su kwatanta da wata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu, kuma ƙauyukanmu suna cikin waɗanda ba sa samu. Wannan ba ya nufin a naɗe hannu. Iyali za su iya haɗa tasu tawagar. A samu likita ɗaya, ko a babban asibitin ƙaramar hukuma ne, wanda ya yarda ya riƙe fayil ɗin, ya rubuta magani, ya amsa waya. A samu nas ko jami'in lafiya na asibitin sha-ka-tafi da ke kusa, wanda zai riƙa leƙowa yana ba likitan rahoto. A ware mutum ɗaya amintacce da zai riƙa zuwa birni karɓo morfin da takarda da katin asibiti, ya tafi tun sauran na kwana huɗu ko biyar, kada a jira kwalba ta ƙare. A ajiye littafi ɗaya gefen gado ana rubuta lokacin magani, yatsun zafi, bayan gida, abin da ya ci. Hoton shafin nan da aka tura wa likita ta WhatsApp ya fi dogon bayanin baki.

A raba kwana. Sau da yawa mace ɗaya ake bari da jinya wata da watanni, ga girki ga yara, har ita ma ta kwanta. Maza su karɓi nasu daren, musamman wajen ɗagawa da juyawa. 'Yan dubiya kuma, duk da ladan da ke cikin zuwansu, a sa musu lokaci, a samu wani babba da zai iya cewa, "Ku yi haƙuri, Malam ya samu barci, za a gaya masa kun zo."

A duk wannan shiri, akwai wanda ake yawan mantawa a tambaya, wato mai ciwon kansa. Mun saba ɓoye wa manya sunan cutarsu don kada hankalinsu ya tashi, kuma niyyar mai kyau ce. Amma mutum yana jin jikinsa, yana ganin idanun 'ya'yansa. Ƙwararren mai wannan aiki ba ya jefa wa mutum labari kamar dutse, ba ya kuma yi masa ƙarya. Yakan zauna ya ce, "Baba, me ka fahimta game da ciwon nan? Akwai abin da kake so ka sani, ko ka fi so a yi magana da su Alhaji?" Sai ya bi abin da dattijon ya zaɓa. Wanda ya san halin da yake ciki yana samun damar faɗin bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya yi wasiyya a cikin sulusin da shari'a ta ba shi, ya aika a kira ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana a yafi juna, ya faɗi inda yake so ya ƙarasa kwanansa. Hana shi wannan dama babbar asara ce da ba a iya ramawa. Kafin a ɗauki kowa, a tambaye shi yadda yake tafiyar da irin wannan zance, a kuma tambayi mara lafiya bayan ziyarar farko ko hankalinsa ya kwanta da mutumin.

Mako guda ya isa a gane ko zaɓin ya yi. Idan yatsun zafi sun ragu, yana samun barci, bayan gida yana fita, waya tana shiga, 'yan jinya sun san abin da za su yi, to a riƙe su. Idan an kwana uku ana kuka da zafi ba a sauya komai ba, a koma wurin likitan asibiti a nemi wani, ba tare da jin nauyi ba.

Mai aikin kirki zai kuma shirya iyali tun kafin kwanakin ƙarshe su zo, don kada abin da yake na al'ada ya firgita su. Zai ce barci zai yawaita, ci da sha za su ragu har su tsaya, kuma ɗura kunu a bakin wanda ba ya iya haɗiya yana sa shi ya shaƙe, gara a riƙa jiƙa masa leɓe da auduga. Fitsari zai ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa. Kakarin da ake ji a maƙogwaro majina ce da ya kasa haɗiyewa, ya fi damun masu saurare fiye da shi, kuma kwantar da shi a gefe yana rage shi, akwai ma magani idan ya yi yawa. Maganin zafi ba a yanke shi don mutum ya daina magana, likita zai faɗi yadda za a ci gaba da bayarwa. Ana kyautata zaton ji yana daɗewa, don haka a ci gaba da yi masa magana a hankali, a laƙƙana masa kalmar shahada ba tare da takurawa ba, a fitar da masu kururuwa waje.

Tun da wuri a tambayi wanda zai zo ya tabbatar da rasuwa idan ta faru a gida, da inda za a karɓi takardar shaida, domin ana gaggauta jana'iza, daga baya kuma banki da ofishin fansho da kotun rabon gado duk za su nemi takarda. Kwalbar morfin, tun ranar da ta shigo gidan, a kulle take, makulli a hannun mutum ɗaya, nesa da yara da samari. Abin da ya rage bayan rasuwa ba a ajiye shi don wani, ba a ba maƙwabci mai ciwon baya. A mayar da shi ɗakin maganin da aka karɓo shi, tare da littafin da aka riƙa rubuta awo, a sa hannu a karɓa.